Hamsa wa Talatin

Ba zan taɓa mantawa ba, ko na yi niyyar mantawa ma abokan aikina ba za su bar ni ba, da ranar Alhamis ɗin da na fasa rijiyar mai a hawa na biyu na wani bene a Dubai. E, a cikin bene, ga na'urar sanyaya ɗaki tana aiki, ga kofin shayina a kan tebur. Rijiyar ta kwamfuta ce, babu wanda ya ji ko ƙwarzane. Kunyar ce dai ta gaske, har yau in na tuna sai in ji kunnuwana sun ɗauki zafi.

Ni mai haƙa rijiyar mai ne, wanda ke riƙe da injin haƙa, dirila ake ce mana a bakin aiki. A lokacin shekarata goma sha huɗu a sana'ar, rabi a Fatakwal, rabi a nan. Kamfaninmu yana da yadi a Jebel Ali, daga can ake kwasarmu a mota zuwa sahara mu yi mako huɗu a kan rig, wato dandalin haƙar rijiyar, mu dawo mu huta. In na dawo, a Al Qusais nake sauka, a wani fulat da muka haɗa da 'yan gida su uku.

Bari in ɗan yi bayanin aikin, don a gane girman ɓarnar da na yi. A ƙarƙashin ƙasa akwai gas, kuma kullum neman hanyar fitowa yake. Abin da ke danne shi shi ne laka mai nauyi da muke turawa cikin ramin da famfo. Muddin nauyin lakar ya rinjayi ƙarfin da ke ƙasa, lafiya lau. Ranar da ƙasa ta rinjayi laka, gas ya kutso cikin ramin, to rijiya ta yi harbi ke nan, mu kik muke cewa. Nan take za ka rufe bakin rijiya, ka karanta agogon matsi, ka zauna ka yi lissafi. Za ka ɗauki matsin da agogon bututu ya nuna, ka raba shi da zurfin rijiyar da aka ninka da 0.052, abin da ya fito ka ƙara a kan nauyin lakarka. Wannan sabuwar lakar ita za ta kashe rijiyar, wato ta kwantar da ita.

Amma ba da gaggawa ake tura ta ba. Famfo a ƙaramin gudu ake sa shi, kuma tun kafin harbin ake aunawa a ajiye: idan famfo yana bugu kaza a minti, matsinsa kaza ne. Lambobin nan biyu tare suke tafiya kamar ƙafar takalmi, in ka sauya ɗaya, ɗayar ta tashi daga aiki. (Ka riƙe wannan, mai karatu. Ni ban riƙe ba.)

To a shekarar ne aka ce za a ba ni kujerar mai kula da rig gaba ɗaya. Sharaɗi ɗaya aka gindaya: in ci jarabawar sarrafa rijiya ta manya a cikin makon nan, domin ranar Asabar mai kujerar zai ajiye aiki, kuma ba a barin ta babu kowa ko na yini guda. In na ci, Asabar in hau mota da sabon muƙami. In na faɗi, akwai wani a layi. Ni kuwa na riga na gaya wa mahaifiyata Hajiya a Gombe cewa an gama magana, ita kuma ta riga ta sa an soya ƙosai an raba sadaka a unguwa. Matata ma ta fara tambayata ko za a sauya min kalar hular kwano.

Yanzu sai in faɗi ciwona. Ina da wani ciwo na ganin cewa ina jin Larabci. Gaskiyar magana, Islamiyya na bar ta tun ba a je ko'ina ba, ƙwallo ta ɗauke min hankali. Amma kakana farken goro ne, kuma na taso ina jin yana ƙirga goro da irin ƙirgar mutanen da: metan, arbaminya, hamsaminya, wato ɗari biyu, ɗari huɗu, ɗari biyar. Da na zo Dubai, a makon farko na ji Larabawa suna cewa ishirin, talatin, arba'in, hamsin, sai na ce a raina, ashe mutanen nan da Hausa suke ƙirga! Tun daga ranar kaina ya kumbura. Na haɗa da yalla da khalas da shuwayya shuwayya, na zama Balarabe a wurin kaina. Kullum ina gwada Larabcin a kan wani Ba'indiye mai shayi a ƙasan benenmu, yana gyaɗa kai yana murmushi. (Daga baya na gano shi ma nasa Larabcin bai wuce nawa ba. Shekara uku muna yaudarar juna.)

Makarantar kwas ɗin tana can Dubai Investments Park, tafiyar fiye da awa ɗaya a jirgin metro daga wurinmu. Mu goma sha biyu ne a aji: Indiyawa, 'yan Filifin, Misirawa uku, sai ni da Bitrus. Bitrus mutumin Kagoro ne, magidanci mai sanyin hali, mataimakin dirila a wani rig ɗin kamfaninmu, ya zo neman takardar zama cikakken dirila. Da na ji Hausa a bakinsa na yi murna, na kuma naɗa kaina ubangidansa ba tare da ya nema ba. Yana da wani ɗan littafi da yake rubuta komai a ciki, kuma duk lambar da aka faɗa masa sai ya maimaita ta a fili kafin ya rubuta. Na riƙa yi masa tsiya.

"Bitrus, kai da lamba kamar mai karɓar saƙon surukai. Ka saki jikinka mana."

"Oga, kaina ba ya riƙe abu," in ji shi. "Gara in tambaya sau biyu."

Malaminmu wani dattijo ne ɗan Sudan, Ustaz Usman, mai furfura da tabarau a kan karan hanci. Ba ya ɗaga murya, ba ya sauri. Da Turanci yake koyarwa, kuma abu ɗaya ya fi nanatawa daga Litinin har Laraba: duk lambar da aka faɗa maka a bakin rijiya, ka maimaita wa wanda ya faɗa, ya ji da kunnensa. Ni kuwa ina can gaba ina gyaɗa kai irin na wanda ya san komai, don ni ma haka nake gaya wa ma'aikatana. Kullum da safe sai na tare shi da gaisuwar Larabci mai tsawo, shi kuma ya amsa cikin ladabi. In ya rubuta hamsin a allo sai in ce "hamsin!" da ƙarfi don Misirawan nan su san ba su kaɗai ba ne. Har na taɓa yi wa ajin bayani a lokacin shan shayi cewa mu Hausawa da Larabawa ƙirgarmu ɗaya ce, babu bambanci ko kaɗan. Babu wanda ya tambaye ni.

Ranar Alhamis da safe aka fara jarabawar aiki. Ɗakin gwajin an shirya shi kamar ɗakin dirila na gaske: ga agogunan matsi, ga maɓallan famfo, ga hannun cok, wato bawul ɗin da ake matsewa ko a sassauta don a riƙe matsin rijiya. Bango ɗaya gilashi ne, sauran 'yan ajin suna zaune a bayansa suna jiran layi, suna kallon komai. Bibbiyu ake shiga, aka haɗa ni da Bitrus. Shi ne a kan famfo, ni ne shugaba, lissafi da cok a hannuna.

Zurfin rijiya da nauyin laka suna rubuce a takarda: ƙafa dubu goma, laka fam goma a galan. Amma lambobin famfon nan biyu da baki ake bayarwa, domin Ustaz yakan yi kamar shi ne shugaban da ya tashi daga aiki yana miƙa maka ragama. Ya buɗe baki zai fara da Turanci, sai na ɗaga hannu.

"Bil Arabi, ya Ustaz," na ce. Wato ya faɗa min da Larabci.

Ya dube ni ta saman tabarau. Ya tambaye ni da Turanci ko na tabbata.

"Miyya bil miyya!" na ce, ɗari bisa ɗari. Na ɗan waiga wajen gilashi don in tabbatar Misirawan suna kallo.

Ya ce to. Ya nuna agogon matsin famfo ya ce, "Khumsumiyya." Zuciyata ta yi fari. Hamsaminyar kakana ce, ɗari biyar! Na rubuta 500 har da ja mata layi. Sai ya nuna ma'aunin bugun famfo ya ce, "Khamsa wa talatin." Kunnena ya cafke hamsa ya ce hamsin, ya cafke talata ya ce uku, don wannan kam na san ta. Hamsin da uku, yadda kowane ɗan Hausa ke jera lamba, babba a gaba ƙarama a baya. Na rubuta 53.

Ustaz ya tsaya yana kallona. Yanzu na san jira yake in maimaita. A lokacin na ɗauka mamakin ƙwarewata ce ta kama shi.

"Tamam," na ce masa. "Yalla."

Aka fara haƙa. Ba a yi minti goma ba ma'aunin tankin laka ya fara hawa, alamar wani abu yana turo lakar daga ƙasa. Bitrus ya gani kafin ni. Ya tsayar da haƙa, ya ɗaga bututu, ya kashe famfo, ya duba, ya rufe rijiyar tsaf kamar yadda yake a littafi. Agogon bututu ya hau ya tsaya a 520. Na kalli lambar na yi murmushi, don an ba ni mai sauƙi. Dubu goma sau 0.052 ai 520 ne, a raba 520 da 520 a sami ɗaya, sabuwar laka fam goma sha ɗaya ke nan. Matsin da za mu fara da shi kuma, 500 a haɗa da 520, ya zama 1020. Ko na'urar lissafi ban taɓa ba. Kuma wallahi duk wannan lissafin daidai ne, ina so a rubuta min wannan a wani wuri.

"Bitrus," na ce da Hausa, "kai famfo hamsin da uku."

"Hamsin da uku," ya maimaita. Sai hannunsa ya tsaya a kan maɓalli. "Oga, hamsin da uku fa? Ni ban taɓa ganin an kashe rijiya da wannan gudun ba. Talatin na sani, ko arba'in. Ko za ka ce ya sake faɗa da Turanci?"

"Nan Dubai ne, komai da sauri suke yi. Kai dai murɗa."

Ya murɗa. Allurar agogon bututu ta tashi, ta zo 1020 inda na ce mata ta tsaya, ta wuce ko kallona ba ta yi ba. Ta wuce dubu da ɗari uku. Ta je ta haye dubu da ɗari shida ta zauna. Duk wanda ya san aikin nan ya san abin da ake yi a irin wannan lokacin: in agogo ya saɓa wa takarda da nisa haka, sai a tsaya a rufe a bincika. Ni ma na sani. Na sha koya wa mutane.

"Oga, allurar nan ta yi sama da yawa," in ji Bitrus a hankali. "Mu tsaya mu duba."

"Na'urarsu ce ta tsufa," na ce. "Shekarata goma sha huɗu a kan rijiya, Bitrus. Takarda ta ce dubu da ashirin, dubu da ashirin za ta dawo."

Na kama hannun cok na fara buɗewa. Allura ta fara sauka, na ƙara buɗewa, ta ƙara sauka, har ta zo ta kwanta a kan 1020 daidai. Na saki hannun, na gyara tsayuwa, na juya na kalli Ustaz ina jiran yabo. Shi kuwa yana ta rubutu a takardarsa. Abin da ban lura ba shi ne, matsin da na zubar don in faranta wa takardata rai, shi ne matsin da ke danne gas ɗin a ƙasa. Da hannuna na buɗe masa ƙofa na ce bismilla.

Ma'aunin tanki ya sake tashi, wannan karon da gudu. Ƙararrawa ta ɗauka. Na matse cok, allura ta yi tsalle, na sassauta, ta faɗi, na sake matsewa, gumi yana keto min a cikin sanyin nan. Sai lasifikar ɗakin ta saki wani ruri (sun sa mata sautin gas na gaske, marasa tausayi), allon kwamfuta ya koma ja gaba ɗaya. Ustaz ya miƙa hannu ya kashe na'urar.

Ya buɗe ƙofar gilashin ya ce kowa ya shigo, akwai darasi. Suka shigo su goma suka jeru a bango. Sannan ya tambaye ni, cikin natsuwa, bugu nawa ya ce min.

Ko a nan ban sha jinin jikina ba. Na ɗaga kai na ce da ƙarfi, "Khamsa wa talatin!"

"Daidai ne," ya ce. Ya miƙo min alƙalamin allo. "Rubuta mana."

Na je gaban allo na rubuta 53, manya-manya.

Wani daga cikin Misirawan ya yi wani irin sauti ta hanci ya juya ya fuskanci bango, kafaɗunsa suna rawa. Na biyun ya fita da sauri wai zai sha ruwa. Ustaz ya karɓi alƙalamin ya rubuta 35 a gefen tawa.

"Khamsa, biyar. Talatin, talatin, irin taku," ya ce. "Biyar da talatin. Mu ƙaramar muke fara faɗa."

Talatin! Kalmar da na sani tun ina cikin zanen goyo. Mutumin nan ya faɗa min ita da Hausa tsantsa, ni kuma na fassara ta zuwa uku. Na tsaya da baki a buɗe ina kallon lambobin nan biyu, na ji da ma benen ya tsage in gangara hawa na ɗaya in kama hanyar tashar metro. Ban iya kallon inda Bitrus yake ba.

Ustaz bai yi dariya ba, kuma wannan ya fi min ciwo. Ya ce kuskuren kunne ba shi ya kayar da ni ba, kowa yana iya jin lamba a karkace. Ya ce ya tsaya ya jira in maimaita, na ce masa tamam. Bitrus ya ce a tsaya, shi Ustaz ya gani ko da bai ji yarenmu ba, na ƙi. Agogo ma ya faɗa min gaskiya, na murɗe masa wuya har sai da ya faɗi abin da nake so. Sai ya cire tabarau ya tambaye ni mutum nawa ne ke aiki a rig ɗin da za a ba ni.

Sittin da biyu ne. Na san su, na san wanda matarsa ta kusa haihuwa, na san mai kukun da ke ajiye min ƙarin nama. Da Turanci na ba shi amsa, a hankali, kuma sai da na faɗa sau biyu. Ya gyaɗa kai ya mayar da tabaransa, ya kira mutum biyu na gaba.

Bitrus ya ci, don an rubuta masa cewa ya ga matsala ya kuma faɗa. Ni na faɗi. Tare muka shiga metro da la'asar, muka zauna. Ya yi ta kallon taga yana danne fuska, bawan Allah, don kada ya ƙara min. Mun yi nisa sosai, sai muryar matar nan ta cikin jirgi ta yi sanarwar tasha ta gaba da Larabci. Bitrus ya juyo da fuskarsa a ɗaure.

"Oga, me ta ce?"

Na harare shi. Ya riƙe, ya riƙe, sai ya fashe. Ni ma ban san lokacin da na bi shi ba, muka yi ta dariya har wani dattijon Bafakistane ya tashi ya sauya kujera. Dariyar ta taimaka, amma ba ta hana ni jin ɗaci ba ranar Asabar, da na hau mota a Jebel Ali da tsohuwar hulata, wani ɗan Filifin da muka fara aiki tare yana zaune a gaba da sabuwa. Ya cancanta, ba na ja. Sai da na ƙara fiye da shekara kafin wata kujerar ta buɗe, na koma wurin Ustaz Usman na sake jarabawar, na ci.

Kiran Hajiya ne ya fi wuya. Na yi ta kewaye-kewaye, wai an ɗan ɗaga maganar, wai akwai wasu takardu. Ta saurare ni har na gama.

"Faɗuwa ka yi ke nan," ta ce. "To Allah ya sa haka ne mafi alheri. Ƙosai dai an riga an cinye, ba zan bi gida-gida in ce a dawo da shi ba."

Labari kuwa ya riga ni isa sahara. Har yau a rig babu mai kirana da sunana, daga Larabawa har Indiyawa, Hamsa wa Talatin suke ce min, kuma ina amsawa. Duk wanda ya faɗa min lamba yanzu, ko da Hausa ce, sai na maimaita, sai kuma ya rubuta min a takarda na gani da idona. Na sayi ɗan littafi irin na Bitrus, yana aljihun gaba.

Larabci kuma ban daina koyo ba, sai dai na koma farko. Ranar da na ci jarabawar na roƙi Ustaz ya koya min jimla ɗaya tak, ya rubuta min ita a bayan takardar lissafina. Ita ce Larabcin da na fi iyawa a duniya, kuma duk Balaraben da na gaya wa yana yaba lafazina: "Ma fahimt, uktub." Ban gane ba, rubuta.